Ruwan da Ya Sauka a Takarda

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki guda. Ƙarfe takwas na safe ya buɗe ma'aunin ruwan sama, ya juye abin da ya taru cikin kwalbar awo mai layi-layi, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya rubuta. In ba komai ya rubuta sifili. Ko tsakiyar rani ne, lokacin da kowa ya san sama ba ta da niyyar komai, sai ya je ya cire mazurarin, ya leƙa, ya dawo ya zana sifilinsa a natse. Shi ya sa kaf garin ba mai kiran sunansa na gaskiya. Malam Milimita ake ce masa, yana kuwa amsawa har da gyara zaman hula.

Ɗan manomi ne, shi ne babba a ɗakinsu. Ya gama sakandare da takarda mai rauni, mahaifinsu ya rasu a shekarar, aka yi masa hanya ya shiga ofishin gona a matsayin lebura. Wani dattijon jami'i da ya kusa ajiye aiki ya lura rubutunsa yana da kyau, kuma ba ya makara, sai ya damƙa masa ma'aunin. Ya ce masa kada ya taɓa rubuta abin da idonsa bai gani ba. Ya kuma ja shi tsakiyar fili ya nuna masa inda aka kafa abin, ya ce nan ne wurinsa, nesa da bango, nesa da bishiya, don ruwan sama ake son aunawa, ba na rufi ba.

Ya riƙe aikin kamar wanda aka ba amanar gari. Ranar da matarsa ta haifi ɗansu na fari, sai da ya je ya yi awo sannan ya wuce asibiti, har yau kuwa tana yi masa gorin wannan. Shekarar da ambaliya ta cinye gada, ya tuɓe takalma ya ratsa ruwa har ƙugu, littafi a ɗaure a ka. 'Ya'yansa biyar sun tashi suna cewa su shida ne a gidan, gwangwanin Baba ne babban wansu.

Ofishin ɗaki biyu ne da rufin kwano. Ɗaya cike yake da buhunan takin da suka daskare tun ba a san shekarar ba. Ɗayan teburi ne, da kujera mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗun, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa. Da can ma'aikata tara ne. Aka yi ta ritaya, ana mutuwa, ba a kawo kowa, har ya rage daga shi sai ƙadangaru. Mai gadi ma da ya tafi ba a ɗauki wani ba. Wayar shinge ta faɗi, aka kwashe ta. Wata safiya ya zo ya tarar da rami a inda ma'aunin yake, masu tara tsoffin ƙarafa sun tumɓuke shi.

Wata goma sha huɗu yana rubuta wa hedikwata wasiƙa kafin a aiko da sabo. A watannin nan har rama ya yi, don mutum ne da bai san abin da zai yi da ƙarfe takwas ba in ba awo ba. Da sabon ya iso, ya rantse ba mai sake taɓa shi. Ya kafa shi a gindin tagar ofishinsa, taku biyu daga bango, ya sayo sarƙa da kwaɗo ya ɗaure shi da ƙarfen tagar. Ya san ba nan ne wurinsa ba. Ya ɗaga kai ya duba rufin, ya ga akwai indararo mai kwashe ruwan kwanon ya kai shi can ɗaya gefen ginin, ya ce a ransa ba komai.

Shekara shida abin yana nan. A shekara shidan nan ko mutum ɗaya daga hedikwata bai zo ya duba ba. Takardar wata-wata kawai suke karɓa, su buga hatimi, su zuba a kwamfuta. Gwamnatin da za ta yanke wa mutum dubu goma sha biyu hukuncin ci ko rashin ci da gwangwani guda, ita ce ta kasa ajiye wa gwangwanin mai gadi. A fara sanin wannan tukuna, kafin a zo kan laifin Malam.

Sai shekarar farin ta zo. Ruwa ya sauka sau biyu a farkon damina, mutane suka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe, masara ta bushe tun ba ta yi goyo ba. In hadari ya haɗu sai iska ta watsa shi, a sami yayyafin da ko ƙasa bai jiƙa ba. Amma a littafin Malam yayyafin nan sai ya fito milimita ashirin, ashirin da biyar. Shi kansa abin ya ɗan tsaya masa a rai. Sai ya ce ai ruwa yana zaɓen wuri, ya sauka a wannan layi ya tsallake wancan, kuma galibi yana gida ake yi, bai ga yadda ya sauka a ofis ba.

A rumfar tela, inda dattawa ke zama da la'asar, an sha yin ta da shi.

"Malam, jiya nawa aka samu?"

"Ashirin da biyu."

"A ina?" in ji tela, allura a baki. "Ni rigar da na shanya ko ɗauke ta ban yi ba."

"Kai ɗinki ka sani. Ma'auni ba ya ƙarya."

"To ko dai kai kake yi masa ciko da buta?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce musu ido yana ruɗin mutum, ciki ma yana ruɗinsa, amma kwalba ba ta da gona balle ta yi son kai. Maganar nan ta yi masa daɗi, ya maimaita ta ya fi sau goma a daminar.

Da kaka ta zo ba abin girbi, gwamnati ta fitar da tsarinta. Duk mazaɓar da ruwanta bai kai milimita ɗari huɗu ba, za a kai mata hatsi, da irin shuka, da abincin dabbobi, da tankar ruwa. Wadda ta haura, ta ji da kanta. Aka liƙa jerin a bangon ofishin. Mazaɓar da ke gaba da su, tafiyar rabin awa a keke, ɗari biyu da casa'in. Tasu ɗari biyar da goma sha biyu. A ƙasan takardar an rubuta cewa mai ƙorafi yana da kwana talatin.

Manoma suka haɗa wakilai suka tafi hedikwata, har da damin busasshen kara a bayan mota don a gani da ido. Aka juyo musu fuskar kwamfuta, aka nuna musu lambobi, aka ce ga sa hannun ma'aikacinku, ɗan garinku, wanda ba a taɓa kamawa da kuskure ba. Suka dawo. Motocin hatsi suka fara wucewa ta tsakiyar garin, don ba wata hanya, manya-manya, an lulluɓe su da tampol, mata na tsaye a ƙofar gida suna kallo har su ɓace.

Kwana biyar da liƙa takardar, wani hadarin ƙarshe, irin mai zuwa bayan an gama fid da rai, ya taso da azahar, Malam yana ofis. Yayyafi ne na minti goma. Yana zaune yana kallo ta taga, sai ya ga wani siririn ruwa kamar igiya yana saukowa daga sama. Ya miƙe. Indararon ya yi tsatsa ya huje, hujin bai fi kan yatsa ba, kuma daidai saman ma'aunin. Duk ruwan da rabin rufin ya tara yana zuba cikin mazurarin, har da ƙara. Da aka ɗauke ya fita. Ya sa ƙafa ya tona ƙasar fili, ƙarƙashinta a bushe. Ya juye ruwan ma'aunin cikin kwalbar awo. Goma sha bakwai.

Ya daɗe a tsaye da kwalbar a hannu. Abin da ya yi bayan nan shi ne wanda har yau ba ya iya ɗaga ido in an zo kansa. Bai rufe ofis ya nufi tasha ba. Waigawa ya yi hagu da dama, ya kwance sarƙar, ya ciccibi ma'aunin ya mayar tsakiyar fili, ya share gurbinsa da tsintsiya, ya watsa ƙasa a kai. A littafi ya rubuta biyu, da ka. Ranar ce ta farko da ya rubuta abin da idonsa bai gani ba. Ya kulle ƙofa ya tafi gida, ya ce kansa ke ciwo.

Kwana ashirin da ɗaya ya yi bakinsa a rufe. Kuskure kowa na yi, hujin kuma ba shi ya huda ba. Amma a ce mutum ya san dalilin yunwar maƙwabtansa, ya gaishe su da safe, ya amsa gaisuwarsu, har sati uku, wannan ba indararo ne ya yi shi ba. Yana ta jera wa kansa dalilai. Saura wata takwas ya yi ritaya da mutuncinsa. Wa ya sani, wataƙila ko ba hujin da sun haura ɗari huɗun. Kuma ai gwamnati za ta yi zagaye na biyu. Ya daina zuwa rumfar tela. In an ajiye masa abinci sai ya yi loma biyu ya ture. Matarsa tana lura, amma ta ƙyale shi, don ta san shi, in aka matsa masa ƙara rufewa yake.

Ƙanwarsa ce ta fasa shi, ba tare da ta sani ba. Uwar biyu ake ce mata. Mijinta ya rasu, ita ke noma gonarsa, tana riƙe da jikoki huɗu. Mace ce mai baki, tun suna yara shi ne ke shakkarta. Ta shigo da hantsi ranar da ba aiki, ta kife bokiti ta zauna tun ba a shimfiɗa mata tabarma ba.

"Yaya, ina kwana. An ce ba ka jin daɗi."

"Da sauƙi."

"Ai dole. Mutumin da aka yi wa ruwa ɗari biyar shi kaɗai, ba sanyi ya kama shi ba."

Matarsa ta yi 'yar dariya ta haɗiye.

"Ba tsiya ta kawo ni ba," in ji Uwar biyu. "Kai ne babba, gara ka ji a bakina. Irin da na ɓoye na baɗi, na geron Baba, jiya na kai shi inji."

Ya ɗago kai. Irin nan mahaifinsu ya bari. Shekara talatin tana zaɓen zangarniya mafi kyau tana ajiyewa.

"Duka?"

"A'a, na bar wa ɓera rabonsa. Duka mana. Yara huɗu lamba za su ci? Awaki sun tafi tun wancan makon. Ranar Laraba kuma zan tura manyan biyun wajen dangin ubansu, in sun karɓa." Ta gyara mayafi. "Ni ban ce laifinka ba ne, Yaya. Abin da ka gani ka rubuta, kowa ya san ka. Jiya ma sai da na wanke mai niƙa tas a kanka, wai an saye ka. Na ce masa yayana ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, in ya ce ɗari biyar, to ɗari biyar ya gani."

Da ta tafi ya zauna yana kallon bokitin. Matarsa na durƙushe tana wanke-wanke.

"Uwar yara."

"Na'am."

"Ma'aunin nan ruwan rufi yake sha."

Ta tsaya. Ya gaya mata komai, kansa a ƙasa, daga sarƙar har zuwa tsintsiyar.

"Tun yaushe ka sani?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye kwanon a hankali, ta goge hannu a zani.

"Sati uku. Ina ta jiƙa maka magani, ashe ba kai ne ke ciwo ba."

"In na faɗa, aikin ya tafi. Wata takwas ya rage."

"To zauna ka cika wata takwas ɗinka. Ni dai ba zan ƙara tsayawa a layin famfo cikin matan nan da wannan magana a cikina ba. Ko ka tafi gobe, ko ni in tafi, kuma ka san ban iya faɗar magana da ladabi ba."

Washegari ya sa rigarsa mai kyau, ya zuba littattafan shekara shida a jaka, ya hau motar farko. Saura kwana uku wa'adin ƙorafi ya cika.

Jami'in da ya gani matashi ne, sa'an ɗansa na biyu, ofishinsa da na'urar sanyi da labule. Ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tashi ya rufe ƙofa.

"Baba, wa ka gaya wa?"

"Iyalina kawai, ranka ya daɗe."

"To madalla. Ka ga, fom iri biyu ne." Ya zaro su daga aljihun teburi. "Wannan na lalacewar kayan aiki ne. Ka cike shi, ba ruwanka, ba ruwanmu. Indararo ya huje, ikon Allah."

"Sai a sa mu a jerin masu samun hatsi?"

"A'a. In kayan aiki ne suka lalace, tsari ya ce a ɗauki matsakaicin shekara goma da suka wuce. Naku ya fi ɗari biyar."

"Ɗayan fa?"

Jami'in ya sosa ƙeya. "Ɗayan na sakacin ma'aikaci ne. Da shi ake soke awon ofishinku gaba ɗaya, a ɗauki na mazaɓa mafi kusa. Amma Baba, wannan sallama ce. Ba ritaya ba, sallama. Ana kuma liƙa dalilin a bango da sunanka. Mu ma sai an tambaye mu abin da ya hana mu zuwa dubawa shekara shida." Ya turo masa na farkon. "Ka rufa wa kanka asiri, ka rufa mana. Kaɗan ya rage maka."

Malam ya ɗauki biro. Gaskiya a faɗe ta, a kan fom na farko ya fara ɗora shi, har ya rubuta kwanan wata. Sai ya tsaya. Ya tuna ƙanwarsa a bakin inji, buhun irin mahaifinsu a ƙafarta, tana zagin mutum a kansa.

"Ranka ya daɗe, ba ni wancan."

"Baba, ka yi tunani."

"Na yi, sati uku. Ba indararo ne ya ɗauki ma'auni ya kai gindin bango ba. Ni ne. An kuwa gaya mini tun ina saurayi."

Ya cike shi da rubutun nan nasa mai kyau. A gurbin da aka tambayi ranar da aka gano kuskuren, jami'in ya ce ya sa jiya, ba mai bincikawa. Ya rubuta ranar gaskiya.

Takardar sallamarsa kwana huɗu ta ɗauka. Motocin hatsi kuwa sai da suka yi sati bakwai kafin su tsaya a garin, don takardarsu sai ta bi teburi tara. Kafin nan rumbun gwamnati ya yi ƙasa, aka ce rabin buhu kowane gida. Abincin dabbobi ya ƙare, da ma dabbobin sun riga shi ƙarewa. Ranar da aka liƙa sanarwar, tela ne ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. Da ya zo kan ranar da aka gano kuskuren ya tsaya, ya ƙirga da yatsu. Ba wanda ya je gida ya zagi Malam, da ma a ce sun zage shi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Uwar biyu ba ta sake taka gidansa ba, jikokinta biyu kuwa sun riga sun tafi.

Tsarin rabon ya ce sai maigida da kansa, da katinsa, ba aike. Matarsa ta ɗora masa katin a gwiwa ta shige ɗaki. A filin ofishin gona aka yi rabon, ofishinsa, da sabon kwaɗo a ƙofa. Ya zo da wuri ya shiga layi, hula har gira. Duk wanda ya zo bayansa sai ya matsa gefe ya ce bismilla, wuce. Mutane na wucewa ba sa kallonsa. Wani ya ce daga baya, "Shi a auna masa da kwalba." Wasu suka ɗan yi dariya, wasu suka ce a bari. Rana ta take, layin ya ci rabi, shi yana nan inda yake tun safe, sai ma baya da yake ƙara yi.

Har aka zo kan Uwar biyu. Ya matsa mata. Ba ta wuce ba.

"Me kake yi haka?"

"Wuce, kin fi ni buƙata."

"Na fi ka, ba sai ka gaya mini ba. Tun safe ina can ina kallonka kana raba wa mutane wuri kamar naka ne. Kana jin in ka tsaya a rana har faɗuwarta wani zai ƙoshi? Matarka jiya ba ta ɗora tukunya ba, ɓoye maka ta yi."

"Uwar biyu, don Allah ki..."

"Ba yau ba. Kada ka roƙe ni a gaban mutane don in ji nauyi in ce na yafe. Ban yafe ba tukuna. Matsa gaba."

Ta sa tafin hannu a tsakiyar bayansa ta tura. Ya matsa. Duk takun da layin ya yi, hannun yana nan. A gaban teburi ya miƙa katin, akawun ya duba suna, ya ɗago ya dube shi, ya mayar da kai ya buga hatimi. Aka jawo rabin buhu aka ajiye a gabansa. Ya durƙusa ya kama, ya kasa ɗagawa, don ƙarfinsa ya tafi a watannin nan. Ya sake gwadawa. Tela ne ya fito daga layi, ya kama ɗaya kunnen buhun, fuskarsa na kallon wani wajen, suka ɗora masa a ka. Bai ce sannu ba, Malam bai ce na gode ba. Ya juya da buhu a kai ya bi gefen layin, ta gaban kowa, ɗaya bayan ɗaya, don ba wata hanyar fita daga filin.